Kaburburan Kakanninmu A Kasuwar Gwanjo

'Yan'uwa na rassan jam'iyya, akwai wata haja da ke fita daga ƙasar nan wadda ba a auna ta da tiya, ba a ɗora ta bisa sikeli kamar gyaɗa, ba a kuma rubuta ta a littafin duwan. Cikin kwali ta ke tafiya, an naɗe ta da tsumma, an cusa ta cikin sauran kayan fatauci. In ta isa Faris ko Burusal ko Niyok sai a kakkaɓe ta, a kafa ta bisa ɗan ƙarfe, a haska mata fitila, a liƙa mata kuɗin da manomi ba zai gani ba ko ya shekara arba'in yana noma. Wannan haja kayan kufai ce: tukwanen kaburbura, da kawunan mutane na yumɓu, da mundaye, da duwatsun wuya, watau abin da mutanen da suka riga mu zama bisa ƙasar nan suka ƙera da hannunsu, suka kuma bizne tare da matattunsu. Masu kuɗi na Turai da Amurka suna tara su kamar yadda wani ke tara tambur na wasiƙa. Mun ga ya kamata mu yi maganar a nan, domin ta kasuwanninmu hajar ke bi, ku ne kuwa ke zaune a kasuwannin.

Ga wanda bai san labarin Bura ba, ga shi. Bura wani wuri ne a yankin Tera, yamma da kogi, wajen kilomita 150 daga Yamai. A shekarar 1975 aka tsinci wasu kawunan yumɓu a wurin, ba da nema ba. A 1983 wani ɗan ƙasar nan, masanin tarihi Bube Gado na Jami'ar Yamai, ya je da mutanensa suka tona wurin bisa ƙa'ida. Filin da suka tona bai fi mita 25 a tsawo da mita 20 a faɗi ba, ƙaramar gona ke nan. Cikin wannan ɗan fili suka sami tukwane 630 a kife, ɗaya dab da ɗaya, waɗansu dogaye, waɗansu masu ciki, da yawa an ɗora masu kan mutum na yumɓu da zane a fuska. Ƙarƙashinsu ga ƙasusuwan mutane kwance, da mundayen tagulla, da duwatsun wuya, da tsinin kibau na ƙarfe. Daga cikin gutsattsarin da aka tattara aka harhaɗa siffar wani mahayin doki, da mundaye jere a hannunsa. Da aka yi awo, aka ga mafi tsufa cikin kaburburan sun kai ƙarni na 3 na Miladiyya, kuma an ci gaba da bizne mutane a wurin shekaru ɗaruruwa.

Ku lissafa da kyau. Ƙarni na 3 ya riga Hijira da shekaru fiye da 300. Ya riga haihuwar Kulobis, sarkin nan na Faransa da lakwal ɗin Nasara ya sa aka haddace sunansa da bulala. Wannan lakwal ya koya mana kogunan Faransa ɗaya bayan ɗaya, da sarakunanta, da yaƙe-yaƙenta, sa'an nan ya nuna mana cewa ƙasarmu daji ce ba ta da jiya, tarihinta ya soma ne ranar da kwamanda ya kafa tuta. Maganar ba ta mutu tare da mulkin mallaka ba: har a watan Yuli na 2007 wani shugaban Faransa, Sarkozi, ya tsaya a Dakar ya ce mutumin Afirka bai shiga tarihi sosai ba. To, mahayin dokin Bura amsa ce. Ga mutane da suka san ƙira, suka san ginin tukwane, suka hore doki, suka girmama matattunsu, ba Bature ko ɗaya a kusa. Mu da ke tsaye gaban allo kullum mun san darajar irin wannan shaida, domin yaro ba ya gaskata abin da ba ka iya nuna masa.

Me ya sami wannan shaida? A ƙarshen 1993 aka buɗe wani babban nuni a Faris na kayan tarihin ƙasashen da kogin Neja ke ratsawa, aka kai kayan Bura, mutanen Turai suka gani suka yaba. Dillalai ma suka gani. Ba a jima ba, a watan Janairu na 1994, aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, talaka ya wayi gari abin da ke aljihunsa ya zama rabi, kuɗin baƙo kuwa ya ninka. Yunwa ta haɗu da mai saye. Sai ƙauyuka suka fita da diga da hauya, aka bi kufai ɗaya bayan ɗaya. Masana sun ƙiyasta cewa wajen kashi 90 cikin 100 na wuraren da ke da irin kayan Bura an lalata su. A shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta fitar da jerin kayan Afirka da ke cikin hatsari, wanda a ke kira jan jeri, ta sa kayan Bura ciki, ta roƙi masu saye su daina. Amma an riga an yi ɓarnar.

Wani zai ce, to, ai tukunyar ba ta ɓace ba, tana can Turai cikin gilashi, ta ma fi samun kulawa. A nan ne mu ke so ku tsaya ku fahimta, domin wannan ita ce cibiyar maganar. Mai binciken tarihi ba tukunya kaɗai ya ke nema ba. Yana duban zurfin da ta ke, da abin da ke kusa da ita, da inda kan mamacin ya fuskanta, da abin da aka sa masa a hannu, da ɗan gawayin da ke ƙarƙashi. Gawayin nan, wanda mai tonon sata ke shurewa da ƙafa, shi a ke kai wa ɗakin awo a gane shekarun wurin. Ƙwayar hatsi da ta ƙone tana faɗin abin da mutanen ke nomawa. Dutsen wuya ɗaya yana iya faɗin da wace ƙasa su ke fatauci. Mai tonon sata kuwa kai ya ke nema, domin kai ne dillali ke biya. Ya fasa tukwane goma don ya sami kai ɗaya mai kyau, ya watsar da ƙasusuwa a rana, ya wuce gaba. Kamar a ce kakanka ya bar maka wasiƙa, wani ya zo ya yanke kalma ɗaya mai kyan rubutu ya sayar, ya ƙone saura. Ko da an maido maka da kalmar bayan shekara hamsin, wa zai gaya maka abin da wasiƙar ta ce? Kayan da soja ya kwasa daga fada, an san fadar, an san sarkin, in an maido shi ya koma wurinsa. Kayan da aka tono da dare, ko an maido shi bebe ne.

Mutanen Maraɗi da Tasawa da Ƙonni, kada ku ce wannan maganar Zabarmawa da mutanen Tera ce. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. A kasuwannin gwanjo na Turai akwai mutum-mutumin yumɓu da a ke kira "Katsina", akwai waɗanda a ke kira "Sakkwato", masu shekaru wajen 2,000. Kusan dukkansu ta hannun masu tonon sata suka fito. Saboda haka sunan gari kaɗai aka liƙa masu, ba wanda ke iya cewa daga wane kufai suka fito, ko su wane ne suka gina su, ko mene ne dangantakarsu da Hausawan da suka zo daga baya. Ku duba wannan abin takaici: muna ta gardama bisa asalinmu, daga ina Katsinawa suka fito, su wa ke zaune Gobir kafin Gobirawa, alhali kuwa shaidun da za su raba gardamar suna bisa teburan attajirai a ƙasashen da ba a san ma inda Katsina ta ke ba.

Kudu da nan kuma akwai Nok, a kudancin Kaduna ta Najeriya. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono kan yumɓu a wurin. A 1943 aka kawo ma wani Bature mai suna Banad Fag wani kai da aka samu a Jama'a, wanda wani ma'aikaci ya kafa a gonarsa ta doya don korar tsuntsaye. Daga nan aka gane akwai wata tsohuwar al'umma mai shekaru fiye da 2,000, wadda ta san narkar da tama, aka kuma buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Dokar Najeriya ta hana fitar da waɗannan kaya. Duk da haka, a watan Afrilu na 2000, da shugaba Shirak ya buɗe sabon sashe na kayan Afirka da wasu nahiyoyi a Lubur, babban gidan tarihi na Faris, sai ga biyu na Nok da ɗaya na Sakkwato a tsaye, gwamnatin Faransa ta saye su a hannun wani dillali a Baljik. Aka yi surutu ƙwarai. A 2002 aka shirya: Faransa ta yarda kayan na Najeriya ne, Najeriya ta bar mata su aro na shekara 25, wanda a ke iya sabuntawa. Watau wanda ya sayi abin da aka fitar ba bisa doka ba ya koma mai aro, kayan kuwa ba su motsa daga inda su ke ba. In gwamnati da kanta tana saye, me za a ce da ɗan kasuwa?

Yanzu mu zo ga kuɗi, tun da don kuɗi a ke yi. Ba mu zo zagin talaka ba. Wanda rumbunsa ya ƙare tun kafin bazara, ga lanho, ga mara lafiya a ɗaka, in baƙo ya zo da mota ya ce zai ba shi kuɗin 'yan tiyoyin hatsi saboda wani kasko da ke bizne a bayan gari, mun san abin da zai yi. Amma ya kamata ya san abin da a ke yi da guminsa. Ga misali ɗaya da ya fito fili domin ya kai gaban alƙali. Wata fuskar icce ta ƙabilar Fang ta ƙasar Gabon, wadda wani gwamnan mulkin mallaka ya tafi da ita gida wajen 1917, ta zauna a gidan zuriyarsa shekara da shekaru. A 2021 suka sayar da ita ga wani mai sayen tsofaffin kaya kan Yuro 150, watau bai kai jika 100 na sefa ba. A watan Maris na 2022 aka yi gwanjonta a Mompeliye, ta tashi Yuro miliyan 4.2, fiye da miliyar 2 da miliyan 700 na sefa. Masu ita na farko suka kai ƙara wai an cuce su. Gwamnatin Gabon ita ma ta shiga, ta ce kayanta ne. A watan Disamba na 2023 kotu ta kori duka biyun. To, in Bature mai karatu, a ƙasarsa, da harshensa, an saye masa abin miliyar biyu kan jika ɗari, ina ga ɗan ƙauyen da bai san ko sunan birnin da kayansa za su ba? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mai tono shi ke shan rana, shi jandarma ke kamawa, shi ya fasa kabarin kakansa. Riba tana can gaba, kowane hannu da kayan suka bi sai ya ninka.

Har dutsen sama ma bai tsira ba. Wanda ya faɗo daga duniyar Mirriku, aka tsince shi a jihar Agadas a watan Nuwamba na 2023, an yi gwanjonsa a Niyok a watan Yuli na 2025 kan dalar Amurka miliyan 5.3, sai daga baya gwamnati ta buɗe binciken yadda ya fita. Ba aikin hannun kakanni ba ne, amma ƙofar da ya bi ita tukwane ke bi.

Masu tarawa suna da hujja, kullum ita su ke maimaitawa: wai su ne ke adana kayan, in an bar mana su gara za ta ci, ko mu sace. Mu tambaye su. Wa ya adana tukwanen Bura shekara dubu da ɗaruruwa? Ƙasa ce ta adana su, ba ta karɓi ko dala ba, ba ta fasa ko ɗaya da gangan ba. Sun fara fashewa ne ranar da aka sa masu farashi. Maganar sata kuma, a 2023 babban gidan tarihi na Ingila da ke Landan ya faɗa da bakinsa cewa kayansa wajen 2,000 sun ɓace ko an sace ko an lalata. Ba mu ji an ce a kwashe saura a kawo Yamai don a tsare masu ba. Kuma adanawa don wa? Ɗan lakwal na Magarya ko Madawa ba zai sami biza ya je kallon kayan kakansa ba. Wanda ke gidan gwamnati ma da sauƙi, yana da lamba, an san inda ya ke, ana iya neman sa. Wanda ya shiga ɗakin attajiri ya shiga rijiya, sai ranar da magada suka fito da shi gwanjo.

Akwai kuma wata magana da mu ke ji a tsakaninmu, ba za mu ɓoye ta ba. Waɗansu na cewa ai gumaka ne na mutanen jahiliyya, Musulmi ba ruwansa da su, in Nasara na so ya kwashe, mun huta. Muna girmama malamanmu, kuma ba mu ce kowa ya durƙusa ma yumɓu ba. Ba bauta mu ke kira ba, shaida mu ke kira. Mai riƙe da takardar gonar kakansa ba bauta mata ya ke yi ba. Sa'an nan Bura makabarta ce. Wane malami ne ya taɓa halatta a tone kabari, a watsar da ƙashin ɗan Adam ga karnuka, a sayar da abin da ke kansa? In wanda ke kwance a ciki bai ga Musulunci ba, laifinsa ne da ya riga Hijira zuwa duniya? Wanda ya ce kuɗin gunki ƙazanta ne, to ya fara da ƙin karɓar sa.

Kun ji labarin maido da kaya, muna kuma murna da shi. A watan Nuwamba na 2017 shugaba Makoron ya yi alkawari a Wagadugu. A 2018 masana biyu da ya sa bincike, Felwin Sar ɗan Senegal da Benedikt Saboy 'yar Faransa, suka ce akwai kayan Afirka ta kudu da Sahara wajen 90,000 a gidajen tarihi na gwamnatin Faransa. A watan Nuwamba na 2021 aka maida wa ƙasar Benin kaya 26 na fadar Abome, waɗanda sojojin Janar Dods suka kwasa a 1892. A 2022 Jamus ta sa hannu ta miƙa ma Najeriya mallakar kayan tagulla fiye da 1,000 na birnin Bini, waɗanda sojan Ingila ya wawashe a 1897. Kaya 26 cikin 90,000 ɗigon ruwa ne, dole a ci gaba da matsawa. Amma mu gaya wa kanmu gaskiya. Kayan Bura ba soja ne ya kwashe su ba. Sun fita ne shekara talatin da wani abu bayan an sauke tutar Faransa a 1960, ta hanyoyinmu, ta gaban duwan ɗinmu, ta filayen jirginmu da na maƙwabta. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da yawa cikin dillalan da ke kai wannan haja Lome da Abijan da Niyok 'yan'uwanmu ne, da Hausa su ke ciniki. Wanda ke sayar da sassaƙar yau, da aikin dukawa, da azurfar maƙeran Agadas, sana'arsa halal ce, Allah ya ba da kasuwa, yana ma ciyar da masu aikin hannu. Da mai sayen abin da aka tono mu ke. Ba shi da amfani mu yi ta ihu a maido mana da tulun da aka ɗauke jiya, alhali randar da ke tsakar gida tana yoyo.

Doka kuwa akwai ta. Nijar ta shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970 wadda ta hana fataucin kayan tarihi tun 1972. Faransa ba ta shiga ba sai 1997, Baljik sai 2009, ku lura da wannan jinkiri, ku lura kuma yarjejeniyar ba ta komawa baya. A cikin gida akwai dokar 30 ga Yuni 1997 wadda ta tsare kayan tarihin ƙasa, ta hana tono da fitarwa ba da izini ba. Amma doka da Faransanci aka rubuta ta, tana cikin diro a Yamai, kufai kuwa yana daji. Muna neman gwamnati ta juya ta da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, a karanta ta a rediyo. Muna neman wanda ya tsinci abu ya kawo a ba shi lada a fili, kada a tsorata shi da jandarma, domin in tsoro ne sakamakon mai gaskiya, gobe dillali zai nema. Muna neman ƙauyen da ke da kufai a ɗauki ɗansa aikin gadi da albashi. Kuma a sa Bura cikin karatun lakwal, da hotuna, kada yaro ya gama aji shida ya san hasumiyar Faris bai san mahayin dokin ƙasarsa ba. Gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama yana nan a Yamai tun 1959. Duk wanda ya je birnin neman takarda ko ganin likita, ya ratsa, ya tafi da yaro in da hali.

Abin da ke hannunmu kuwa ba sai mun jira kowa ba. Kowane reshe ya sa wannan magana cikin taronsa na wannan wata, a karanta ta da ƙarfi saboda waɗanda ba su yi lakwal ba. A gayyato mai gari da liman da sarkin noma, domin su a ke fara gaisarwa in baƙo ya sauka. Ranar kasuwa a sa ido ga mai tambayar tsofaffin tukwane da duwatsun wuya na ƙasa, a san masaukinsa, a san motar da ya zo da ita. 'Yan kamasho da direbobi na cikinmu su san abin da ke cikin kwalin da aka ce kada a danne. Wanda hauyarsa ta ci karo da bakin tukunya a gona, ko ruwan sama ya tone masa wani abu a gefen ƙorama, kada ya ciro, kada ya wanke, ya maida ƙasa ya rufe, ya gaya ma mai gari da mushen lakwal, su kuma su sanar da hukuma a rubuce, su riƙe kwafi. Sakataren kowane reshe ya tambayi tsofaffi sunayen kufan da ke kewaye da garinsu da abin da a ke faɗi game da su, ya rubuta. Amma wannan takarda kada ta yi yawo a kasuwa, kada kuma a aiko mana ita don bugawa a nan. A ba da ita hannu da hannu ga masu binciken tarihi na Jami'ar Yamai, domin dillalai ma suna karanta wannan jarida.